Kwalbar gilashi ta ruwan sha: inda ƙazanta take ɓuya da yadda ake fitar da ita

An wanke kwalba, an ɗaga ta sama haske ya ratsa ta tas, an cika ta da ruwa mai kyau an rufe. Bayan kwana biyu a buɗe, sai ƙarni ya bugi hanci. A nan mutane kan ɗora wa ruwan laifi, ko su ce kwalbar ce ta tsufa. Galibi duk biyun kashin kaji aka shafa musu. A shinshina murfin shi kaɗai, a zura ɗan yatsa a shafa cikin wuyan kwalbar. Nan warin yake, nan kuma za a ji santsi.

Gilashin da ake yin kwalabe da shi yashi ne aka narkar tare da soda da farar ƙasa, kuma yashin ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na haɗin. Idan ya huce ba ya barin ƙofofin da ruwa ko wari za su shige, ba ya tsatsa, ba ya canza wa ruwa ɗanɗano. Shi ya sa a Jamus, inda mayar da kwalba kamfani ya zama tsari, kwalba ɗaya kan yi zagaye har sau 50 kafin a narkar da ita. Duk abin da ya ɓata ruwa a cikin gilashi a saman gilashin yake zaune, ko a murfi, ko kuma da ruwan ya shigo. Wannan albishir ne, domin abin da ke sama wanki yana cire shi. Matsalar ita ce kwalba ba ta da bakin da hannu zai shiga, saboda haka wankin da aka fi yi mata, a zuba ruwan sabulu a jijjiga a zubar, ɗauraya ce kawai aka sa wa suna wanki.

Tun kafin a taɓa sabulu akwai kwalaben da ba a ma fara aikin da su. Wadda aka taɓa zuba wa kananzir, fetur, maganin ƙwari, maganin ciyawa ko wani sinadarin da ba a san shi ba, ta fita daga lissafi har abada. Gaskiya ne gilashin ba ya tsotse su, amma a gida babu hanyar tabbatar da cewa sun fita duka, murfin kuwa ya riga ya sha. Haka kwalbar da aka tsinta ba a san abin da ta ɗauka ba. Kwalaben ado masu nauyi da walƙiya, waɗanda ake kira kiristal, da yawansu akwai dalma, ƙarfe mai guba, a jikin gilashin, har kashi 24 cikin 100 ko fiye, kuma dalmar tana sauka a hankali cikin abin da ya daɗe a ciki. Fentin da ake zana wa wasu kwalabe a waje ma yakan ƙunshi dalma, don haka wadda fentinta ya hau har bakin da leɓe ke taɓawa a bar ta ta yi ado. Sai a zagaya bakin kwalbar da yatsa a hankali. In an ji wurin da ya ɓantare, ko an ga siririyar tsaga a wuya ko a gindi, a jefar. Bakin da ya ɓantare ba ya rufuwa ruf, yana yanka leɓe, kuma ɓarɓashin gilashi a cikin ruwa ido ba ya ganinsa.

Wadda ta fi dacewa ita ce fara wadda ake ganin cikinta, mai kauri, mai kafaɗa a zube ba a tsaye ba. Kafaɗa mai kusurwa buroshi ba ya kai mata. Kwalba mai launin ruwan ƙasa ko kore tana tare haske, amma tana ɓoye datti, kuma ga ruwan sha ganin ciki ya fi amfani, tunda haske ana iya kauce masa da wurin ajiya. Kwalaben da aka yi don a mayar kamfani sun fi na amfani sau ɗaya kauri da juriya. Farin zoben da ake gani a kafaɗarsu da ƙasansu gogayya ce da 'yan'uwansu a kan injin cikawa, a waje yake, ba ya cutar da ruwa.

Santsin nan da yatsa ke ji a wuya shi ne jigon maganar. Ƙwayoyin cuta ba sa zama a warwatse cikin ruwa kawai. Suna manne wa bango, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi, su ci gaba da hayayyafa a ƙarƙashinsa. Wannan shimfiɗa tana iya samuwa cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki a kwalbar da ake kafa wa baki, domin yawu yana komawa ciki da abincin da suke buƙata. Ruwan ɗauraya yana wucewa ta kanta. Bilic ma, wato ruwan kilorin da ake faranta tufafi da shi, yana ƙarar da ƙarfinsa a saman yauƙin kafin ya kai na ƙasa. Dalilin ke nan da ya sa wanki da kashe ƙwayoyin cuta aiki biyu ne daban, kuma na farko ne ke share wa na biyu hanya. Wanda ya zuba bilic a kwalbar da bai cuɗa ba ya yi aikin baban giwa.

Wankin farko na kwalbar da ta zo da wani abu a ciki yana farawa da jiƙo. A cika roba da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a nutsar da kwalaben har iska ta gama fita, a bar su minti 30 zuwa awa ɗaya. Takardar jikinsu mai gam na ruwa za ta saki da kanta. Ta leda mai gam mai danƙo ba ta jin ruwa, sai a ɓare ta, a shafa wa ragowar gam ɗin ɗan man girki, a bari ya yi laushi, a goge, sannan a wanke man da sabulu. Cire takarda ba don kwalliya ba ne, takarda mai danshi fumfuna take tarawa, kuma hannun da ya riƙe ta shi ne zai taɓa murfi.

Sai cuɗa. Buroshin kwalba mai doguwar mariƙa, mai gashi har a tsininsa, shi ne kayan aikin. A kai shi gindi a murza, musamman kwanar da bango ya haɗu da ƙasa, sannan a ɗan lanƙwasa mariƙar a bi ƙarƙashin kafaɗa. Inda buroshi ya kasa, a zuba ɗanyar shinkafa cokali 2 ko gishiri mai tsakuwa, da ruwa kamar kwatan kwalba da ɗigon sabulu, a toshe baki a jijjiga da ƙarfi minti ɗaya ko biyu, ana juya kwalbar a kwance da tsaye. Kada a cika ta da ruwa, domin in ta cika ƙwayoyin shinkafar shawagi za su yi, ba za su daki bango ba. Yashi da tsakuwa suna yin wannan aikin da sauri, amma taurinsu ya kai na gilashi ko ya fi, suna karce shi, kuma kowane karce sabon maɓoyar datti ne. Layukan murɗi na bakin kwalba, inda murfi ke kamawa, a bi su da tsohon buroshin haƙori da aka ware don wannan.

Akwai gwajin da ya fi ɗaga kwalba a haske. Bayan ɗauraya a kife ta a kalli yadda ruwan ke sauka a bangon ciki. Gilashi mai tsabta ruwa yana bin sa a shimfiɗe kamar mayafi ɗaya. In ya tsattsage ya tsaya ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo. Kwalbar da ta ɗauki man girki takan faɗi wannan gwajin sau biyu ko uku, kuma maiƙon da ya saura shi ne ke komawa wari daga baya. A maimaita da ruwa mai ɗan zafi da sabulu har ruwan ya kwanta.

Farin dusu-dusun da ke fitowa a cikin kwalba bayan makonni ba datti ba ne na sabulu, alli ne da ruwa mai yawan ma'adinai ya bari. Ruwan khal, wato binega, rabi da ruwa rabi, a bar shi awa ɗaya ko ya kwana, zai narkar da shi. In bai fita ba, gilashin ne da kansa ya ci, ba zai koma ba. Haɗa khal da bekin soda da ake yawan yabawa kuwa kumfa ce kawai mai burge ido. Ɗaya tsami ne, ɗaya kishiyarsa, suna kashe ƙarfin juna su bar ruwan gishiri. Kowannensu shi kaɗai ya fi amfani: khal ga alli, bekin soda ga wari. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da za a dogara da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta.

Mataki na biyu, wato kashe ƙwayoyin cuta, hanya biyu ce a gida, zafi ko kilorin.

Tafasawa ta fi tabbas, amma ita ce ta fi fasa kwalabe, kuma dalilin ɗaya ne. Gilashi ba ya isar da zafi da sauri. In ruwan zafi ya taɓa ciki, cikin ya buɗe, wajen yana nan a sanyinsa, sai tsaga ta tashi, galibi a zagayen gindi inda gilashin ya fi kauri. Kwalbar yau da kullum ba ta jure tsallen zafi da ya wuce kimanin digiri 40 a ma'aunin salshiyos lokaci ɗaya. Don haka ba a tsoma kwalba a ruwan da ke tafasa, ba a kuma ɗura mata shi. A shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindin tukunya don kada gilashi ya zauna kan ƙarfe, a jera kwalaben cike da ruwa, a zuba ruwan sanyi ya rufe su da kamar yatsa biyu, sannan a kunna wuta su hau zafi tare. Daga lokacin da ruwan ya fara tafasa sosai a ƙirga minti 10. Wurin saukewa ne aka fi yin asara: kwalba mai zafi da aka ɗora kan siminti, tayil ko ƙarfe mai sanyi nan take za a ji ƙas. A ɗora ta kan katako ko busasshen tawul, ko a bar ta ta huce a tukunyar. Gasa kwalba a oben ba ya kai wannan, domin busasshen zafi yana buƙatar lokaci mai tsawo kafin ya yi abin da ruwan zafi ke yi, kuma zafin oben ba ya rarrabuwa daidai.

Kilorin ya fi sauƙi ga mai kwalabe da yawa. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayar don mazubin ruwan sha shi ne cokalin shayi 1, wato mililita 5, na bilic mai ƙarfin kashi 5 zuwa 9 cikin 100 a cikin ruwa kimanin lita 1. A zuba a kwalba, a rufe, a jijjiga ya taɓa ko'ina, a jira aƙalla sakan 30, a zubar. Barinsa minti 2 ya fi kwanciyar hankali. A duba jikin robar bilic ɗin, domin ƙarfinsa ya bambanta, in na kashi 3.5 ne a sa cokali ɗaya da rabi. Sai bilic zalla, marar turare, marar kauri, wanda ba a haɗa shi da sabulu ba. A kwaɓa shi da ruwan sanyi, domin zafi yana kore kilorin, kuma a kwaɓa sabo ranar da za a yi aiki. Wanda ya daɗe a ajiye cikin zafi ko rana ya rage ƙarfi ko da ba a buɗe shi ba. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne haɗa bilic da khal, ko da ruwan goge gilashi mai amoniya. Hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. In an yi jiƙon khal, a ɗauraye sosai kafin bilic ya shiga.

Ga kuskuren da ke mayar da aikin tufka da warwara: a gama kashe ƙwayoyin cuta, sai a ɗauraye kwalbar da ruwan da ba a yarda a sha ba. Ɗaurayar ƙarshe da irin ruwan da za a sha ake yin ta, ko kuma a bar kwalbar ta tsane ta bushe, kilorin ɗin ya tashi da kansa.

Bushewa tana ɗaukar lokaci fiye da yadda ake zato, saboda ƙaramin baki ba ya barin iska ta zagaya. A kife kwalba ta tsane, amma kada bakinta ya manne da tire ko tsumma, domin danshin zai maƙale a ciki har gobe. A jingina ta a karkace a kwandon tsane kwanuka yadda iska za ta shiga ta ƙasa. Ba a cusa tsumma ko takarda don a goge ciki. Ba a kuma rufe kwalba da sauran raɓa a jikinta a ajiye, wannan ne asalin warin da ake ji a kwalbar da aka rantse an wanke. In yanzu za a cika ta, ba sai ta bushe ba.

Murfi ne ya fi cancantar zargi, kuma shi aka fi yi wa wankin je-ka-na-yi-ka. Murfin ƙarfe mai haƙora na kwalbar lemo, wanda William Painter ya ƙirƙiro a Amurka a 1892, don rufi ɗaya aka yi shi. Da zarar mabuɗi ya lanƙwasa shi ba ya sake kamawa, danna shi da tafin hannu rufa-ido ne. Murfin ƙarfe na murɗawa yana da wata siririyar roba a ciki, ita ce ke tsotse warin abin da kwalbar ta fara ɗauka, kuma a gefenta ne baƙin fumfuna da tsatsa ke farawa. Bilic yana cin ƙarfe, don haka irin wannan murfi a tsoma shi a ruwan bilic minti 2 kawai a ɗauraye a shanya. Ko fentin waje na murfin ƙarfe ba a barin sa a baya: a 2025 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta gano cewa ɓarɓashin roba da ta samu a abubuwan sha na kwalba daga fentin murafun ya fito, ba daga gilashin ba. Toshiyar ɓawon itace tana da ƙofofi, tana shan ruwa, ba ta wankuwa har ciki, ba ta dace da ruwan kullum ba. Mafi kyau shi ne murfin da ke da waya da zoben roba mai cirewa, domin ana zare zoben a wanke ƙarƙashinsa, in ya taurare ko ya tsattsage a sa sabo. Murfin roba mai kyau da ya zauna daidai ma yana yi. Ƙa'idar dai guda ce, murfin da aka wanke ya bushe amma har yanzu yana wari a canza shi. Don a san ko yana kamawa, a cika kwalba, a rufe, a kife ta kan busasshiyar takarda minti ɗaya.

Mazurari ma a sa shi a lissafi. Duk ruwan da zai shiga kwalba ta cikinsa zai bi, amma shi ake ratayewa a ƙusa ƙura na sauka, ko a yi amfani da shi ga mai da safe, ruwa da yamma. A ware ɗaya na ruwa kaɗai, a yi masa wankin da aka yi wa kwalba. Haka buroshin, a ɗauraye shi a rataye ya bushe.

Kwalba mai tsabta ba ta gyara ruwa marar kyau. In ana shakkar ruwan, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko minti 3 a wuraren da tsayinsu ya haura mita 2,000, a bar shi ya huce a rufe kafin a ɗura. Ko a ɗiga bilic na kashi 5 zuwa 6 ɗigo 2 a kowace lita, a jira minti 30. Ruwa mai duhu a tace shi tukuna, a ninka ɗigon. Hanyoyin biyu suna da bambancin da ya shafi ajiya. Tafasa tana kashe har ƙwayoyin da kilorin ba ya iya wa sosai, amma ba ta barin mai gadi a ruwan, duk abin da ya faɗa bayan ya huce zai samu fili. Shi ya sa tafasasshen ruwa ake ƙoƙarin shanye shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ruwa mai kilorin yana riƙe ɗan saura da ke ci gaba da tsaro, kuma wanda aka ɗura a kwalba mai tsabta aka rufe ruf don ajiyar ko-ta-kwana ana sabunta shi duk wata 6. A rubuta ranar ɗurawa a jiki. A nan ne ƙaramin bakin da ya wahalar wajen wanki yake biyan bashinsa, domin hannu da kofi ba sa shiga, ruwa sai dai a tsiyaya.

Hasken rana fuska biyu gare shi. Ajiye kwalba ta yi kwanaki a inda rana ke dukanta yana kawo koren gansakuka a gindi. Amma shanya ruwa da gangan hanya ce sananniya ta tsabtace shi, wadda wani masani mai suna Aftim Acra ya fara nazarinta a Jami'ar Amurka da ke Beirut a farkon shekarun 1980, cibiyar binciken ruwa ta Suwizalan mai suna Eawag ta faɗaɗa ta: ruwa garau a farar kwalba da ba ta wuce lita 2 ba, a kwance a rana awa 6, ko kwana 2 in akwai hadari sosai. An fi yin ta da kwalbar roba fara. Gilashi fari marar kauri yana yi, mai launi kuwa yana tare hasken da ake nema. Bayan an gama a kai kwalbar inuwa.

Sanyin firij ba ya damun gilashi, firiza ce ke fasa shi. Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, kuma a kwalba mai siririn wuya saman ne ke fara daskarewa ya toshe hanya, sauran ya tura bango. Barin sarari yana rage haɗarin, bai kawar da shi ba. Kwalbar da ta fito daga firij kuma kada a kai ta ruwan zafi kai tsaye, a bari ta saki sanyi.

Yawan wanki ya danganta da yadda ake sha. Wadda ake kafa wa baki, sabulu da buroshi kullum, har da murfi. Wadda ake tsiyayawa a kofi, a wanke ta duk lokacin da ta ƙare kafin a sake cikawa, ba a yi ta ƙara sabon ruwa a kan tsoho ba. Tafasa ko bilic sau ɗaya a mako ya isa, sai in wani ya yi gudawa ko amai a gidan, ko ruwan na jariri ne ko marar lafiya, to a yi kullum. Kwalba biyu ko uku da ake juyawa sun fi ɗaya, domin yayin da ake shan ɗaya, ɗaya tana kife tana samun cikakkiyar bushewa.